Saɓanin Haƙori Ɗaya

Kusan duk abin da ke cikin injin mota akwai shi a kasuwa. Ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da kuɗi a aljihu, za ka fito da fistin da rin da bawul da gasket, sabo ko na hannu, na kamfani ko jabu, gwargwadon ƙarfinka da wayonka. Abu guda ne ba za ka tarar an baza a kan tebur ba, wato jituwar da ke tsakanin waɗannan ƙarafa. Ba ta zuwa a kwali, ba ta da lamba. Bakanike ne ke saka ta da hannunsa ranar ɗaurin inji. In kuwa ya saɓa mata da haƙori ɗaya ko biyu, mota za ta bar gareji da ciwon da ba ta shiga da shi ba, duk da sababbin kayan da aka zuba mata.

Kanikawa taimin suke ce wa wannan jituwa. Wanda ya ji kalmar zai zaci zancen agogo ake yi, alhali inji bai san ƙarfe nawa ba. Lokaci a wurinsa wuri ne: ina fistin yake a sa'ar da bawul ya buɗe, ina ya kai a sa'ar da ya rufe. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe. Kafin agogo ya shigo hannun kowa, da matsayar rana muke kiran lokaci, mu ce hantsi, walaha, rana tsaka, la'asar sakaliya, kuma ladanin dā inuwa yake dubawa kafin ya kira salla. Bambancin kawai shi ne bakanike da digiri yake auna nasa.

Tun 1876, da Nikolaus Otto ya tayar da injinsa a Jamus, bugun nan huɗu ne har yau. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai. Ya hau ya matse su. Wuta ta kama, ƙarfinta ya koro shi ƙasa. Ya sake hawa ya tunkuɗa hayaƙi waje ta salansa. Kafin a kammala wannan zagaye, karanshaf, sandar da fistin ke murzawa a can ƙasa, ya juya sau biyu. Kamshaf kuwa, mai tozayen da ke danna bawul ya buɗe, sau ɗaya tak ake so ya juya. Shi ya sa faifan da ke kansa yake da ninkin haƙoran faifan ƙasa. Abin da ke ɗaure faifan sama da na ƙasa, a injuna da yawa, sarƙa ce. Wasu bel ne da su mai haƙora, wasu kuma giya ce ke cizon giya kai tsaye.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, kowacce da taɓaryarta, wannan na ɗagawa waccan na saukewa, wata har ta cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Turmin bai ƙara faɗi don su ba. Abin da ya hana taɓaren haɗuwa shi ne kowacce ta san sa'arta. Haka cikin silinda yake a yawancin injunan yau. Wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe, nan ne fistin ke isowa idan ya hau. Fili ɗaya suke rabawa, sarƙa ce ke tsara musu wa zai shiga, wa zai fita. Akwai injunan da aka bar musu rata, irin 5S na tsohuwar Camry, wanda ko bel ɗinsa ya tsinke bawul ba ya taɓuwa, sai dai mota ta mutu a ja ta zuwa gareji. Amma neman ƙarfi da tsimin mai ya sa masu ƙera motoci suka yi ta matse wannan rata har ta ƙare.

A yi lissafi kaɗan. Injin da ke juyi 3,000 a minti, wanda ba wani gudun a-zo-a-gani ba ne, karanshaf ɗinsa na zagayawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kowane bawul kuma na buɗewa ya rufe sau 25. Idan faifan sama na da haƙora 36, na ƙasa 18, to haƙori ɗaya a sama digiri 10 ne, wanda a wurin karanshaf ya zama 20. Da saɓanin haƙori ɗaya mota na iya tashi. Sai dai ta yi sanyin jiki, ta riƙa zuƙar mai, ta ƙi zama a sulo, wani lokaci ta yi harbi ta kabureta ko ta salansa. Da biyu ko uku, ko dai ta ƙi tashi ko fistin ya tarar da bawul bai gama komawa ba ya lanƙwasa masa wuya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji masu iya magana, ya yi dubu bai fito ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Idan haka ta faru, bakanike zai goge hannu da tsumma ya ce da mai mota, “Alhaji, sai haƙuri, sarƙa ce ta tsallake.” A dubi jimlar nan da kyau. Mai aikatawa a cikinta sarƙa ce. Ita ta ga haƙori, ta ɗaga ƙafa, ta haura shi. Babu bakanike a jimlar, babu mai mota, babu wanda ya sayar da baƙin mai.

Hausa gwana ce wajen irin wannan rufin asiri. Yaro ba ya cewa na fasa tulu, cewa yake tulu ya fashe. Tuwo ya ƙone, kuɗi sun salwanta, igiya ta tsinke, aure ya mutu. Manazarta harshe, tun daga F. W. Parsons da ya jera aikatau na Hausa a giredi bakwai a 1960, sun nuna mana yadda sauya wasalin ƙarshe ke sauya wanda nauyin aiki ya hau kansa: fasa, fashe, fasu, karya, karye, karyu. A aji darasin nahawu ne. A gareji lauya ne mai kare wanda ake tuhuma, kuma ko sisi ba ya karɓa.

Ban ga laifin harshen ba. Wannan kawaici yana da ranarsa, don da shi ake zaman tare. Maƙwabcin da ya ari gatarinka ya dawo ya ce ƙota ta karye, kai ma ka san hannun da ya karya ta, amma ka ce ba komai, zumunci ya ɗore. Matsalar ita ce ƙarfe bai san kara ba. Kuma Hausar da ta ba mu “tsallake” ita ta ba mu “tsallakar da”. Tambayar da ya kamata ta biyo bayan waccan jimla ita ce, me ya tsallakar da ita? Da wuya ka ji mai mota ya yi ta. Shi dai tambayarsa nawa ne kuɗin, yaushe zan zo in ɗauka.

Amsoshin kuwa ba su da yawa, duk bakaniken kirki ya san su. Sarƙa ba ta haura haƙori sai ta samu saki. Akwai tenshina da aka ajiye don ta riƙa tokare ta, kuma a yawancin motoci matsin baƙin mai ne ke ba tenshinar ƙarfi, ta wata 'yar ƙaramar kafa. In mai ya daɗe ba a juye ba ya yi kauri ya zama kwalta, ko an sayi na jabu a gefen titi, ko wanda ya ɗaura inji a baya ya lafta gam ya yi yawa har guntunsa ya ɓalle ya shiga hanyar mai, kafar ta toshe, tenshina ta saki jiki. Akwai madogarai biyu da sarƙar ke gogawa a jikinsu, masu fuskar roba, waɗanda zafi da shekaru ke busarwa har su farfashe. Masu tsohuwar Hilux mai injin 22R sun san wannan labari: madogarin ya karye, sarƙa ta yi ta bugun murfin gaba tana cinsa, har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da mai. Sannan akwai juya inji da baya, wanda ke kwashe sakin daga ɓarin tenshina ya kai shi ɓarin da babu mai tsaronsa. Duk waɗannan suna yin sallama kafin su shigo. Ƙarar kacau-kacau ɗin nan da ake ji da sassafe idan an tayar da mota, ta ɗan jima ta yi shiru, ita ce sallamar. Mai mota ya ƙara muryar rediyo.

A lokacin ɗaurin inji kuwa zancen ya fi wannan sauƙi, domin injin a kashe yake, a kan benci ko a kan tsohuwar taya. Sarƙar da ta zame a nan, hannu ne ya zamar da ita. An kwance faifan sama ba a ɗaure ta da waya ba, ta sulale cikin murfi, ta sauka daga haƙoran ƙasa, aka laluba aka zaƙulo ta da ƙugiya, ta hau inda ta samu.

Akwai wata kalmar da ta fi “tsallake” ɓarna, saboda ita kama da bayani take yi. Za ka ji an ce sarƙa ta miƙe, ko ta ƙara tsawo. Tsawon kam ta ƙara, amma ƙarfenta bai miƙe ba. Irin wannan sarƙa, wadda Hans Renold ya ƙirƙiro a Ingila a 1880, gaɓoɓi ce da aka sarƙafa da ƙananan fil, kowane fil na juyawa a cikin hular ƙarfe. Duk sa'ar da gaɓa ta hau faifai ta sauka sai fil ya goga hularsa. In man da ke tsakaninsu na ɗauke da toka da ƙurar hunturu, gugar ta zama wasa wuƙa. A ce kowace gaɓa ta rasa milimita 0.08, abin da ido ba zai gani ba. A gaɓoɓi 100 ya zama milimita 8, wato tsawon gaɓa guda cur a sarƙoƙin motoci da yawa.

Me ya sa na damu da kalmar? Saboda abin da ya miƙe, hankali na cewa a ja shi a ɗaure. Daga nan ne dabarun banza ke fitowa, a cusa wani abu a bayan tenshina don ta ƙara tokarewa. Ƙarar ta ɗauke, kowa ya ji daɗi. Amma tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ta riga ta fi tazarar haƙori da haƙori, don haka sarƙar ba ta zama a gindin haƙoran, tana hawa kansu ne tana fiƙe su. Abin mamaki, garejin na da kalmar da ta dace, tana nan a bakin kowa: ci. Sarƙa ta ci, faifai ya cinye. Wanda ya ce “ta ci” ya san babu abin da zai mayar da naman da ya tafi, kuma ya san abokin gugarta ma bai tsira ba. Shi ya sa ba a ɗora sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai. Kalmomi biyu ne a rumfa ɗaya, ɗaya na kai ka ga sayen saiti cikakke, ɗaya na kai ka ga dawowa bayan damina.

Wanda ke son ganin aikin nan a fili, ya bar garejin manyan motoci ya je wurin masu gyaran babur da keken A Daidaita Sahu, inda inji ƙarami ne, silinda ɗaya, komai a gaban ido. Ɗauki roba-roba, jikan Honda Cub. Za ka ga an kwantar da injin a kan buhu a gindin darbejiya, kusoshi a cikin gwangwanin madara da ɗan fetur, yaron shago a tsugune, maigidansa na kan benci yana gyaran wani abu daban amma rabin idonsa na nan. Yaron ya cire fulogi. Ya juya magnito a hankali har harafin T da aka buga a jikinsa ya tsaya a kan tsagar da ke jikin inji. Kusa da T akwai F, kuma nan ne sabon shiga ke fara ruɗewa: F na wuta ne, T ne ke cewa fistin ya kai ƙololuwa. Ya sassauta tenshina. Ya jawo sarƙar da wayar da ya ɗaure ta, ya ɗora ta a kan faifan kamshaf ta yadda 'yar da'irar da ke jikin faifan za ta fuskanci tsagar da ke jikin top, wato kan silinda. Ya sa kusoshin da hannu.

“Oga, ya zo daidai.”

“Daidai, ko kusan daidai?”

“Ɗan kaɗan ne ya rage. Bai kai rabin haƙori ba.”

Maigidan ya sauko daga benci, bai ko dubi makin ba. Ya sa yatsa ya danna sarƙar ta wannan ɓari, ya danna ta wancan.

“Kai, ta ina ka bar sakin?”

Yaron ya yi shiru. Maigidan ya murza magnito ɗan ƙanƙani ta inda inji ke juyawa, faifan sama bai motsa ba sai da sakin ya ƙare. Da aka mayar da T wurinsa sarƙa na ɗame, sai ga da'irar ta kauce wa tsaga da haƙori guda cif.

“Sauke ka sake. Ɓarin da ke ja shi ake fara ɗamewa. Sakin na tenshina ne, abincinta ke nan.”

Wannan darasi bai wuce minti biyu ba, amma rabin ilimin aikin na cikinsa. Maki ba ya faɗar gaskiya sai sarƙa na ɗame ta ɓarin da ke ja. In ba haka ba, abin da kake son ji shi zai faɗa maka.

A mota ka'idar ɗaya ce, shaidu ne suka ƙaru. Manyan kanikawanmu da yawa a kan Peugeot 504 suka koyi sana'a, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ita kamshaf ɗinta a cikin bulok yake, kusa da karanshaf, sarƙarta gajera ce mai layi biyu, ba ta cika rigima ba. Yaransu kuwa sun tarar da Corolla da Camry na wannan ƙarni, masu kamshaf biyu a can saman top da doguwar sarƙa siririya. A irin waɗannan, kamfani kan shafa wa wasu gaɓoɓi launi, kowacce da makin da za ta zauna a kai, biyu a sama ɗaya a ƙasa. Kafin a murza kamshaf shi kaɗai don a kawo shi kan maki, sai an ɗan kawar da karanshaf yadda babu fistin da ke sama, in ba haka ba bakanike ya lanƙwasa bawul da hannunsa tun inji bai ga wuta ba. Tenshina kuma a matse take shiga, ba a sakinta sai komai ya zauna. In kuwa tsallaken ya faru ne mota na tafiya, ba a mayar da top sai an kwantar da shi an tsiyaya fetur a hanyoyin bawul. Wanda ya lanƙwashe, ko yaya, zai yi yoyo.

Sai kuma abin da na fi ƙauna a duk aikin. Bayan an gama, ba a taɓa makulli. Sufana ake sawa a kan kusar karanshaf, fulogogi a cire, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali, ta inda yake juyawa. Bakanike a nan ji yake yi, da duk abin da kalmar ta ƙunsa a Hausa, na kunne da na tafin hannu da na fahimta. Akwai taurin da ke zuwa a hankali ya wuce, wannan sifirin ɗin bawul ne. Akwai kuma tsayawa cak, ƙarfe a kan ƙarfe. In ya ji wannan, ba ya gardama, komawa yake ya kwance. Sitata ba ta da wannan ji. Ita in an ba ta wuta murzawa take, ko me ke gaba.

Bayan zagaye biyun, makin faifai zai dawo kan makin inji. Gaɓoɓi masu launi kuwa ba za su dawo ba, sai bayan zagaye masu yawan gaske, don adadin gaɓoɓin sarƙa bai tafi kafaɗa da kafaɗa da adadin haƙora ba. Sababbin yara kan firgita a nan, su zaci ta sake tsallakewa, su kwance aikin da ya yi kyau. Launi na ranar ɗaurawa ne kawai. Daga nan shaidar da ake karɓa ta faifai ce.

Mu koma kan taimin, don kalmar tana da wani rami. Abu biyu take ɗauke da su. Akwai taimin ɗin bawul, wanda muke ta zancensa, akwai kuma taimin ɗin wuta, wato sa'ar da fulogi ke ƙyastawa. A tsofaffin motoci masu distiributa, kamshaf ne kan juya ta, saboda haka in sarƙa ta haura haƙori duka biyun ke kaucewa tare. Na wuta gyaransa na minti ɗaya ne: a sassauta kusa, a murza distiributa, a saurari inji har muryarsa ta washe. Na bawul sai an buɗe gaba. Ka ga jarrabawa. Bakanike ya murza distiributa, mota ta tashi, ya ce da mai ita, “Ranka ya daɗe, an saita taimin.” Ƙarya ya yi? Wallahi ko a gaban alƙali zai kuɓuta. Ya saita taimin, ɗaya daga cikin biyun. Motar ta ci gaba da numfashi a karkace, mai ita na zagin masu gidan mai. Sau da yawa ma ba cuta aka yi niyya ba. Yaron da ya tashi yana jin suna ɗaya, da wuya ya kawo a ransa cewa abin biyu ne.

Ba kuma ina nufin maki ya fi ƙarfin hankali ba. Idan inji ya yi zafi top ya bauɗe, akan kai shi wurin masu injin sharewa su rage masa fuska ya koma sumul. A injin da kamshaf ke sama, wannan ragi na kusanto da faifan sama zuwa na ƙasa, don haka ko sarƙar sabuwa ce dal, maki zai ɗan ja baya. A nan “kusan daidai” na iya zama iyakar daidai ɗin da za a samu. Bakaniken da ya matsar da haƙori guda don ya kori saɓanin digiri biyu ko uku, ya sayo na 20 ke nan. Garin gyaran gira an rasa ido. Abin da ya raba “kusan” na yaron can da “kusan” na gwani shi ne gwani zai iya gaya maka nawa ne, kuma daga ina ya fito. Injiniyoyin Datsun sun yi wani abin da ya burge ni a injunansu na jerin L, irin na 180B: huda uku suka yi wa faifan kamshaf, masu lamba 1, 2 da 3. In sarƙa ta ɗan ci, a matsa zuwa huda ta gaba a rama abin da aka rasa. Tun a masana'anta sun yarda cewa ƙarfe zai ci, suka ba cin ma'auni da iyaka. In an wuce huda ta uku, sai sabuwar sarƙa.

Wata al'adar da nake shakka a kanta ita ce ta yin maki na kai. Kafin a kwance, sai a ɗiga farin fenti ko jan farce a kan sarƙa da faifai, don a mayar yadda aka tarar. Dabara ce mai kyau ga injin da lafiyarsa ƙalau. Amma injin da aka kawo saboda ya riga ya saɓa, yadda aka tarar ɗin shi ne ciwon. Za a kwance shi, a wanke, a zuba sababbin kaya, sannan a mayar da kuskuren wurinsa cikin natsuwa da ƙwarewa.

Motocin yau sun rage wa jimlar “ta tsallake” wurin ɓuya. Akwai na'ura mai lura da karanshaf, akwai mai lura da kamshaf, kwamfutar mota na gwada maganar wannan da ta wancan. In sun saɓa sai ta kunna fitila ta ajiye lamba, P0016, wadda ma'anarta ba ta wuce cewa sama da ƙasa ba su yarda da juna ba. Ita ma dai ba ta faɗin wanda ya jawo. Ga shi kuma tun 1980, da Alfa Romeo ta fara sayar da mota mai kamshaf da ke matsawa gaba ko baya da kansa gwargwadon gudu, daidai ya daina zama wuri ɗaya tak, ya zama ɗan fili mai iyaka biyu. VVT-i da ake gani a rubuce a kan murfin injin Toyota ke nan. Abin da ke matsar da shi kuwa baƙin mai ne. Wato man da aka yi wa rowa yanzu ta hanya biyu zai rama. Wasu injunan Turai ma babu maki a jikin faifansu sam, sai an kulle sandunan biyu da ƙarafan da aka ƙera don wannan aiki kaɗai. Garejin da ba shi da su, mutunci shi ne ya ce ba shi da su.

Ga mai abin hawa, ba sai ka iya riƙe sufana ba. Ranar da aka ce maka sarƙa ta tsallake, ka ce a nuna maka tsohuwar tenshina da madogaran biyu da haƙoran faifai, a ajiye su kusa da sababbi ka gani da idonka. Ka tambayi wane taimin aka saita. Ka sayi saitin gaba ɗaya ko da aljihu zai yi kuka, ka kuma faɗi gaskiyar rabonka da juyen mai in an tambaye ka, don kai ma kana cikin jimlar nan da aka ɓoye masu aikatawa. In da hali ka tsaya har a juya injin da hannu a gabanka. Bakaniken da ya mayar da sarƙa kan maki bai nemo abin da ya sake ta ba, aikinsa bai ƙare ba, kada ka ba shi cikon kuɗinsa tukuna.